Tsofaffin Tagwaye da Tsinkakkiyar Jigida

Da hantsi ne, ruwan asuba ya ɗauke, rana ta fito da irin zafin nan mai ɗanshi na tsakiyar damina, na ɗauki gatari da gizago na nufi daji. Sunana Nomau, sassaƙa nake yi, ita na gada. Karatuna bai yi nisa ba, sauri ma ba ni da shi. Kakata Tabawa, wadda ta raine ni, takan ce idan ni aka aika kiran ajali, babu wanda zai mutu a garinmu.

To, a wannan daminar muryar Tabawa ta tafi. Wani tsiro ne irin na tusar jaki ya fito mata can cikin maƙogwaro. An kai ta asibiti an yanke, ya sake fitowa ya fi na da. Numfashinta ya koma kamar tsagaggiyar sarewa. Idan ta so zagina sai ta buɗe baki, iska kawai ta fito, ta bi ni da harara. Ban san zaginta abinci ne ba sai da na rasa shi.

Kujera na so in sassaƙa mata, tunda kwanciya ta fara gagararta. Na sami wata ƙirya mai kauri. Al'adarmu ta masassaƙa, kafin ka sari babban itace sai ka ƙwanƙwasa shi da ƙeyar gatari, ka yi sallama. Kowa na yi, amma sallama da sara tare suke sauka. Ni kuwa da na yi tawa sai na tsaya ina gyara ƙota, ina sosa ƙeya. Can sai ɓawon itacen ya dare, wata 'yar tsohuwa ta leƙo, tsawonta bai wuce taɓaryar wasan yara ba, gashinta kore shar kamar gansakuka.

Ta ce, "Ya kai ɗan Adam, shekara da shekaru masu gatari suna yi mini sallama, ba a taɓa samun wanda ya tsaya jin amsa ba. Me ke tafe da kai?"

Na durƙusa na ce, "Ranki ya daɗe, kujera nake so in yi wa kakata."

"Kakarka ba kujera ta rasa ba, iska ta rasa. Kafin gero ya nuna, ƙofar iskarta za ta toshe. Ka bar mini gidana a tsaye, ni kuwa in kai ka inda ɓarnar take. Sharaɗina ɗaya ne. Duk abin da ka goya a can, ba za ka sauke shi ba sai a kan kujera. In ka sauke a ƙasa, kai da ita kun gama."

Na ce na yarda. Ta karɓe gatarin, ta bar mini gizago, ta hura mini iska a fuska.

Ban farga ba sai ga ni ina iyo cikin wani tafki mai ɗumi, mai tsamin tsamiya. Ashe na ƙanƙance, kunun Tabawa ne, a ludayinta. Ambaliya ta kwashe ni, na wuce ta tsakanin wasu duwatsu jajaye saboda goro, guda uku kacal, na gane haƙoranta ne. Na gangara wani jan tudu mai santsi, na iso bakin wani rami inda guguwa take shiga ta fita ba hutawa. Na kafa gizagona a bango na rataye. Da ambaliyar ta wuce, sai na ga wata 'yar tsaga a jikin bangon. Na kutsa.

Birni na tarar, bene kan bene. Sunansa Hawa-Hawa. Mutanensa a hawan ƙasa ake haihuwarsu, kowa da gidansa a jikinsa kamar katantanwa. Suna girma suna hawa sama, babu mai saukowa. Wanda ya kai hawan ƙarshe sai ya bushe kamar ganye, guguwa ta ɗauke shi, kuma ba sa kuka da haka. A tsakar kowane gida akwai wata doguwar igiya mai ƙulle-ƙulle, Igiyar Gado. Mai shela yakan tsaya, ya bi ƙullin da yatsa, ya kira abin da ya ji. Duk abin da ya kira sai ma'aikaci ya ɓullo daga ƙasa ya kama aikin. In bai kira ba, babu.

Mai shelar da na fara cin karo da shi wani dogo ne mai maƙoshi kamar na zalɓe, ana ce da shi Zagi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce shi bakin birni ne, kaf abin da ke motsi a nan daga harshensa ya fito. Na tambaye shi ko yana zaɓen abin da zai kira. Ya yi mini kallon wanda ya zo da maganar banza. Wai mai shela ba ya zaɓe, abin da yatsa ya taɓa shi baki ke faɗa. Na ce a raina, ashe kai kwarkwaron masaƙa ne da rawani.

Shi ya kai ni unguwar da baƙon ya sauka. Baƙon da ya hana kakata magana, na zaci zan ga wani dodo mai kai bakwai. Wallahi jigida ce. 'Yar jigida, zagayayya, an rataye ta a gefen Igiyar Gado. Ba baki, ba hannu, ba ƙafa, ko tabarmar kansa ba shi da ita. Ta tsagar bango ya shigo, a hawan ƙasa, ya kwanta. Masu shelar birnin suka ga duwatsu jere a zare, yatsunsu suka yi ƙaiƙayi, suka hau kira. Da bakin masu gida yake mulki, da cokalinsu yake ci, kuma har Sarki suke ce masa.

A gaban jigidar akwai kujeru huɗu. Ɗaya tana can nesa, sauran sun matso kusa da dandamalin da mai shela yake tsayawa. A kan ta nesan wasu tsofaffin tagwaye suna zaune, bayansu a manne da juna, ana kiransu Na-Biyu. Na tsuguna a gefe ina kallo, don ni ba na gajiya da kallo.

Tagwayen suka yafito Zagi, suka ce ya hau ya kira. Ya hau, ya kira. Sai wasu samari biyu suka ɓullo, Na-Shida da Na-Bakwai, idanu jajur. Na-Shida aikinsa ya laƙume dogarin gidan, Dakatau, wanda in gida ya lalace shi ke cewa a tsaya. Na-Bakwai kuwa ya fizge ragamar haihuwa daga hannun mai riƙe da ita, don gida ya yi ta haifar gidaje. Amma kiran nan da ya fito da su, shi ne kuma yake fito da ƙarin tagwaye. Da tagwaye suka yi yawa sai suka cika kujerun kusa. Dokar birnin kuwa, mai shela ba ya tsayawa a kan dattijo yana zaune. Zagi ya nemi wurin sa ƙafa ya rasa, ya sauko yana ƙunƙuni. Kira ya tsaya. Samarin nan ba su da tsawon rai, in ba a sake kiransu ba sai su narke kamar ƙanƙarar sama. Dakatau ya sake miƙewa. Da tagwayen suka ragu, aka sake yafito Zagi.

Haka abin yake tafiya, a saki, a ja. Gidan yana ta hawa sama. Zagi ya ce a can sama wasu masu shela ne daban, su ke kiran duwatsun ƙarshe, waɗanda ke ɗinka wa 'ya'yan jigida riguna, guguwa ta kwashe su su tafi neman wata tsagar. Yana faɗa yana taƙama, kamar shi aka yi wa alheri.

Raina ya ɓaci. Ni ba mai faɗa ba ne, ko akuya ba na iya duka, amma na tuna harara mara murya ta Tabawa. Na ɗaga gizago zan tsinke jigidar.

Tagwayen suka yi dariya tare, ɗaya da siririyar murya, ɗaya da kakkaura.

Na dama ya ce, "Sara, ɗan masassaƙi. Ai an riga ka."

Na hagu ya ce, "Je ka bakin Ƙofar Iska ka ga gidan da aka tsinke ta. In ya burge ka, dawo ka tsinke wannan."

Na sauke hannu. Zagi ya ƙi raka ni, wai can ba unguwar mutunci ba ce. Na tafi ni kaɗai. Na ratsa wani kwari mai yauƙi har gwiwa, na haye gadar jijiya tana bugawa a ƙarƙashina, na ɓuya wa wasu fararen mayaƙa masu sintiri waɗanda suke shinshina kowane gida su wuce na baƙon ba su ji komai ba. Su ma ban ga abin yabo a wurinsu ba.

Tun daga nesa na ga abin. Gidaje ne a cunkushe, wani kan wani, kamar kwaɗi a rijiya. Babu mai hawa sama, babu mai tsufa, babu mai bushewa. Jarirai suna haifar jarirai. Tulin ya kumbura ya danne wasu manyan igiyoyi biyu da ke gicciye a bakin ramin, waɗanda in guguwa ta bi ta kansu suke rawa su ba da murya. Saura 'yar kafa iska take bi.

A gidan da ke tsakiyar tulin na sami maɗinkan birnin zaune, suna shan iska da allurai a kunne. Na tambaye su abin da ya faru. Babbansu ya ba ni labari da fara'a. Wai wata rana jigidar ta tsinke, Igiyar Gado ita ma ta ɗan tsage a kusa. Su kuwa sana'arsu ba a barin bakin zare yana lilo, abin kunya ne ga maɗinki. Sai suka kama bakin jigida suka ɗinke da bakin Igiyar Gado, lafiya lau, ko tabo babu. Ya ja ni in ga kyan ɗinkin. Na tambaye shi duwatsun da suka zube wurin tsinkewar fa. Ya ce oho, 'yan kaɗan ne, an share.

Duwatsun da ake kiran tagwaye da su ne suka zube. Kujeru huɗu suna nan wayam. Mai shelar gidan yana kan dandamali, muryarsa ta dushe, yatsansa ya yi kanta, yana kiran Na-Shida da Na-Bakwai ba dare ba rana. Dakatau da ya ɗago kai sai a laƙume shi. Ragamar haihuwa tana yashe a ƙasa ana tattakawa.

Sarkin ya yi mini magana ta bakin mai shelar, tunda nasa babu.

"Ya kai baƙo, durƙusa. Da ina rataye a gefe kamar ɗan haya, yau ina cikin Igiyar Gado. Ni ne birni, birni ni ne."

Na ce, "Allah ya ba ka nasara, ina 'ya'yanka? Na ga na sauran gidaje ana ɗinka musu riguna a sama suna fita duniya."

Ba shi da ko ɗaya. Gidan da ba ya hawa sama, ina zai ga masu shelar sama? Tun ranar da aka ɗinke shi bai sake haifar ko ɗa ɗaya mai riga ba. Zai toshe iskar birnin, birnin ya mutu, a binne shi tare da shi, ko mai tuna sunansa babu. Na taɓa ganin kaska ta kashe saniya, amma ita ko ba komai takan faɗo ta yi ƙwai. Wannan ko wayon kaska bai kai ba.

Na koma wurin tagwayen. Na gaishe su kamar yadda ake gaida dattawa, na roƙe su su zo su zauna a wancan gidan. Suka ce ba sa tafiya, su zama aka halicce su da shi. Suka kuma ce kada in ɗauka don kakata za su yi, su bayin jigida ne, ba ruwansu da wata tsohuwa. Abin da ke ci musu rai shi ne yaran banzan nan biyu, da aka bar su ba mai tsawatarwa, za su rushe kasuwar da kowa ke ci a ciki.

Na dama ya ce, "In muka zauna a can, gidan zai bushe, mu bushe tare da shi."

Na hagu ya ce, "Gara haka da a ce Na-Shida ne babba a gidan ubanmu. Juyo bayanka, jaki."

Na goya su. Da farko kamar na goyi kaza. Muna shiga kwarin yauƙi suka zama kamar buhun gero, muna kan gadar jijiya suka zama kamar turmin ƙirya jiƙaƙƙe. Ga faɗa suna yi a kaina. Na dama ya ce in bi dama, na hagu ya ce in bi hagu, kowanne yana jan kunnen da ke kusa da shi. Suka zagi tafiyata, suka zagi warin zufata, suka tambaya ko a garinmu hawainiya ce ungozoma. Na ci gaba da tafiyata. Wanda Tabawa ta raina, zagin aljani ruwan sanyi ne a wurinsa.

A gindin tulin Na-Bakwai ya tare ni. Ya yi murmushi, ya shimfiɗa wata lallausar tabarma, ya ce in sauke dattawa su huta, ai ba a shiga fada da kaya a baya. Tabarmar nan kuwa har kirana take yi. Na tuna sharaɗin mai ƙirya. Na ce masa na gode, dattawan nan ba sa zama a ƙasa. Na-Shida ya buɗe baki zai laƙume ni, tagwayen suka daka masa tsawa irin ta manya, ya ja da baya, don ko lalatacce ya san muryar yayyensa. Na hau tulin da rarrafe, jarirai suna kama mini ƙafa.

Da na iso, na juya zan sauke su a kujerar da ke manne da dandamali, sai suka ƙanƙame wuyana.

"Kada ka kuskura. Dubi kujerar."

Na duba. An shafe ta da danƙo, baƙi, mai kauri, har ta koma kamar dutse. Mutanen gidan ne suka shafe, wai kujerar da ba a zama a kai gara a rufe ta kada ta yi ƙura. Tagwayen suka ce a kan danƙo ba za su zaunu ba, zamewa za su yi su faɗi ƙasa, ni kuma na san abin da ƙasa take nufi.

Nan fa na durƙusa da su a bayana, na zaro gizago. Ba sara ake so ba, kankara ake so, a hankali, kada a ci itacen. Bayana yana ƙara kamar busasshen reshe. Guguwa a waje ta koma fito siriri, na san Tabawa ce take neman numfashi. Sarkin yana ta yi mini alkawari ta bakin mai shela, wai zai ba ni unguwa, zai sa a kira sunana a Igiyar Gado. Maɗinkan suka kewaye ni suna cewa ina ɓata aikin mutane. Ban ɗaga kai ba. Da na yi gaggawa da na tsaga kujerar, to ni kuwa ban iya gaggawa ba ko na so. Na bi ta lungu-lungu har farin itace ya fito, na share da tafin hannu, na juya na sauke su.

Suka zauna daram. Na dama ya gyara riga, na hagu ya ɗaga kai ya dubi mai shelar da ke tsaye a kansu.

"Yaro, wa ya rene ka?"

Mai shelar ya dubi ƙafarsa, ya dubi furfurarsu. Ya sauko. Ina jin ya daɗe yana neman wanda zai ce masa ya sauko.

Kira ya tsaya a gidan. Na-Shida ya fara narkewa daga ƙafa, yana waige-waige ko za a sake kiransa. Na-Bakwai ya bi shi. Mai ragama ta tsinci ragamarta ta kaɗe. Sai ƙasa ta motsa, Dakatau ya miƙe, wani gajere mai faɗin kafaɗa, ya dubi ɓarnar da aka yi. Kalma ɗaya ya faɗa, sunansa. Gidan ya tsufa a gabana, bango ya yi yaushi. Gidajen da ya haifa, da yake duk Igiya ɗaya suka gada, maganar ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Sarkin kuwa ko wasiyya bai samu ya yi ba, da wane bakin?

Na juya in yi wa tagwayen sallama. Sun fara bushewa. Na hagu ya ce kujerar tana da gurgunta a ƙafa ɗaya. Na dama ya ce in tafi, ina tare musu iska.

Tulin ya tsage. Guguwa ta taso daga ƙasa da ƙarfin da ban taɓa ji ba, ta kwashe ni da busassun gidaje, ta wurgo ni waje. Na faɗi a tsakar gidanmu, da girmana, gizago a hannu, rana ta take tsaka. Tabawa tana dafe da bango tana tari kamar ranta zai fita. Ta tofar da wani abu, kaza ta zo ta duba ta ƙi ci. Ta ja numfashi, dogo, har ƙasan ciki. Ta sake ja. Sannan ta dube ni ina kwance a ƙasa, bayana a lanƙwashe.

Muryar ta fito a shaƙe, kamar tsohuwar ƙofa.

"Maigidan banza. Tun hantsi ka tafi saro itace, ina itacen?"

Na ce, "Uwargida, mai itacen ta hana."

Ta ce dama ta sani, ko kara aka aike ni in saro sai na tsaya gaisawa da shi. Ta ci gaba daga nan, ta bi ta kan tafiyata, da kunnuwana, da kakana da ya mutu ya bar ta da ni. Na zauna ina ji. Bayana har yau bai miƙe daidai ba, in hadari ya haɗu yakan tuna mini.

Rana ta juyo ta sauka a kanta, tana ta magana ba ta lura ba. Na tashi da ƙyar, na ɗauko tsohuwar kujerarta, na kankare kashin kajin da ya bushe a kai, na sa ɗan tsinke a ƙarƙashin ƙafar da ke gurgunta, na ajiye mata a inuwar rumbu. Ta zauna ba ta ko dube ni ba.

Ta ce, "Matsa can, kana tare mini iska."